Yadda Na Rabu da Yayana a Kan Kare

'Ya'yana, na daɗe ina jin yadda kuke ba da labarin rabuwata da baffanku Jatau, na kuma daɗe ina yin shiru. Abin da kuke faɗa shi ne, wai da na musulunta sai ya yi fushi, ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar. Mutanen gari ne suka tsara wannan magana domin ta fi daɗin faɗi, ni kuma na ƙyale su saboda ta rufa mini asiri. Yanzu ƙarfi ya tafi, ido ya fara gajiya, ba na so in bar muku ƙarya a cikin gado. Shekara bakwai muka yi da Jatau bayan na musulunta, gonakinmu suna haɗe da iyaka, muna yi wa juna gayya, idan ya kamo zomo da rai sai ya kawo mini in yanka da hannuna domin in iya ci. Mutumin da ke fushi da addininka ba ya yi maka haka. A kan kare muka rabu, kuma laifin nawa ne.

Kakanku Barmo Bamaguje ne, manomi kuma mafarauci, a wani ɗan ƙauye arewa da Ɗanbatta. A wannan ƙasa gona tana jingine da gona, dajin kirki babu, don haka farautarsa ta kan iyakokin gonaki ce da bakin rafi: gafiya, burgu, zomo, wani lokaci damo. Abin da aka san shi da shi karnukansa ne. Wasu dogaye ne masu siririn ciki, ba sa haushin banza, idan suka ɗauki ƙanshi ba sa saki. Ya ce daga ubansa ya gaji irin, shi ma daga nasa uban. Ni da na koma cikin Musulmi na gina gida a gefen gari, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa a hanya ba daga gidanmu na asali, na auri mahaifiyarku Hanne, na koma Audu. Baba bai hana ni ba, amma shi da Jatau ba su taɓa kirana da wani suna ba sai Bawa, sunan da aka raɗa mini.

Da ciwon ajali ya kama Baba, karnuka biyu suka rage masa: wani baƙin namiji mai suna Duna, da wata karya ja da ya samo daga wajen wani abokinsa. Ya kira mu da hantsi, yana kwance a zaure, ya raba mana gona da awaki. Da aka zo kan karnuka na ɗauka duka na Jatau ne, tun da shi ne mai farauta. Sai Baba ya nuna ni da haɓa.

"Bawa, kai ka ɗauki Duna. Jatau, kai ka riƙe karyar."

Na ce, "Baba, ka san inda nake zaune. Me zan yi da kare?"

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa. Duk wanda ke son kwikwiyo a cikinku, dole ya taka ya je gidan ɗan'uwansa."

Haka na shigo da Duna cikin unguwar da ba mai son ganin kare. Na je wurin limaminmu, ya ce mini babu laifi a ajiye kare domin tsaron dabbobi ko gona, muddin ba a cikin ɗakin kwana ba ne, kuma a kiyaye ƙwarya da tufafin salla. Na yi masa rumfa a bayan gida, kusa da turken awaki. Mahaifiyarku ta yi wata guda ba ta ko kallon wajen. Daga baya na lura ita ce ke kankare ƙanzon tukunya ta zuba masa a wani fasasshen kasko, tana zubawa tana faɗa, wai don dai kada alhakinsa ya kama ta. Ba ta taɓa taɓa shi da hannu ba har ya mutu, amma babu wanda ya san halinsa kamarta.

Duna yana da aibi ɗaya. Duk lokacin da wata karya ta shiga barbara, ko a ƙauye na uku ne, sai ya tsinke igiya ya tafi. Kwana uku, kwana huɗu, sannan ya dawo da yagaggen kunne, jiki duk cizo, ya kwanta kamar gawa. Muna dariyar abin a shekarun ƙoshi. Sau ɗaya kuma muka haɗa shi da karyar Jatau, ta haifi biyar, mafarauta suka yi rububinsu, har labarinsu ya kai nesa. Wani ciwon karnuka da ya ratsa ƙasar ne ya kashe su duka a cikin damina ɗaya, ya bar iyayen.

Sai shekarun fari suka zo. Ku da aka haifa bayansu ba za ku gane ba, waɗanda ke goye a lokacin kuwa ba za su tuna ba. Damina ta farko ruwa ya ɗauke, gero yana bununi. Ta biyu muka yi shuka sau uku, shuka ta ukun da irin da muka tsinto daga gindin rumbu. Abin da na girba bai cika dami goma ba, a gonar da ke ba ni sittin. Aka ci tafasa, aka ci yaɗiya, aka ci dusar da a da ake ba dabba. Sai kuma annoba ta faɗa wa shanu, kana tafiya a hanya kana toshe hanci. Mutanen da ka sani da mutunci suka fara ɗaukar abin da ba nasu ba, da rana tsaka, kuma ba ka iya kiransu ɓarayi da zuciya ɗaya. Awaki huɗu ne suka rage mana, nononsu ne abin da Hanne ke dama wa yara da ɗan gari. Wata rana Duna ya tsinke ya bi wata karya, ni ina can neman ciyawa, Hanne tana layin rijiya. Muka dawo muka tarar da turke ɗaya babu akuya, kuma wadda ta fi nono ce. Ban daki karen ba da ya dawo. Amma na riƙe abin a raina, kuma ina so ku riƙe shi ku ma, domin shi ne tushen abin da ya biyo baya.

Bayan wannan da 'yan watanni Duna ya daina yawo. Na ɗauka yunwa ce ta ladabtar da shi. Hanne ce ta fara ganewa ba haka ba ne. Wata safiya ta tsaya daga nesa da kasko a hannu, ta kira ni.

"Malam, zo ka dubi karen nan. Gashin cinyoyinsa duk ya zube, kuma ba ƙazwa ba ce, ba ya susa. Ka dubi cikinsa kuma. Namiji ne da nono kamar karya mai shayarwa?"

Na durƙusa na juya shi. Gaskiyarta. Gashi ya zube a gefe biyu daidai wa daida, fatar ta yi baƙi ta yi laushi, nonuwansa sun kumbura. A matsematsinsa na dama kuma na ji wani ƙullutu mai tauri kamar ƙwan agwagwa. Tun yana ƙarami mun san ɗan marainansa ɗaya ne a waje, ba mu ɗauke shi komai ba, domin da yawa daga karnukan Baba haka suke. Baba har cewa yake yi alamar zuciya ce. Yanzu ga shi ɗayan da ke wajen ya motse ya zama kamar gyaɗa, ga kuma wannan abu a ciki. Mai yi wa bunsuraye dandaƙa a unguwarmu ya zo ya duba daga tsaye, ya ce shi abin da ke waje yake dakawa, abin da ke ciki sai Allah.

A wannan makon Jatau ya zo. Ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa daga kafaɗa. Gidansa ya fi nawa baki: mata da 'ya'ya shida, ga tsohuwar gwaggonmu da yake riƙo. Farauta ta mutu, domin abin da za a farauta ma ya mutu ko ya gudu. Amma ya zo fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka tun kafin rasuwar Baba. Muka zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida.

Ya ce, "Bawa, arziki ya leƙo. Wasu mafarauta sun zo daga kudu, can inda aka samu ruwa. Sun ji labarin 'ya'yan Duna. Sun ce idan karyar ta haihu, kowane kwikwiyo za su ba da dami biyu na dawa. Ka lissafa, ko huɗu ta haifa mun ga damina, ni da kai. Na duba ta, ba za ta wuce wata guda ba za ta nema."

Na kai shi bayan gida na nuna masa. Ya daɗe yana shafa kan karen, ya buɗe bakinsa ya duba, ya taɓa ƙullutun.

"Na taɓa ganin wannan a wani karen Baba. Ya daɗe da shi kafin ya kwanta. Zan kawo masa saiwa. Kai dai ka riƙe mini shi wata guda. Kada ka bari kowa ya taɓa shi."

Na ce, "Na ji, Yaya."

Ya ce, "Ba ji nake so ba. Ka yi mini alkawari."

Na yi masa alkawari. Na ba shi hannu a kai.

Saiwar ba ta yi komai ba. Bayan kwana goma Duna ya daina tashi idan baƙo ya zo, sai dai ya ɗaga kai ya yi gurnani. Hanne ta fara saka ni a gaba. Ta ce dabba ba ta da bakin kai ƙara, amma akwai ranar da za a ba ta baki, kuma ni za a tambaya, ba Jatau ba. A lokacin gwamnati ta turo masu allurar shanu saboda annobar, sun kafa rumfa a bayan kasuwar Ɗanbatta, kuma an ce a cikinsu akwai likitan dabbobi na gaske, mai yin fiɗa. Ranar kasuwa na ce bari in kai shi a duba kawai. Haka na faɗa wa kaina, a duba kawai. Ban aika wa Jatau ba. Gidansa yana kan hanya, na bi ta bayan gonaki na kauce masa, kuma tun a nan ya kamata in san zuciyata ba ta da gaskiya.

Babu direban da zai ɗauki kare, jakinmu kuwa ya riga ya mutu. Duna ya taka rabin hanya, sauran rabin na naɗe shi a buhu na saɓa a kafaɗa. Na tarar da Fulani cike da wurin, kowa idonsa ja, wasu sun rasa garke ɗungurungum. Suka dube ni, mutum da hula da carbi ya saɓo kare, wani ya yi tsaki, wani ya matsa gefe. Na zauna a rana har aka yi la'asar. Likitan wani siririn mutum ne mai furfura a gemu, takalmansa duk kashin shanu. Da ya gama da shanun sai ya yafito ni. Bai yi mini dariya ba. Ya sa na kwantar da Duna a kan wani benci, ya ɗaga leɓensa ya nuna mini dasashi.

"Ka ga wannan? Ya kamata ya zama ja. Ka ga ya yi fari kamar tsumma. Jininsa ne ke ƙarewa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mene ne a jikinsa?"

Ya ce, "Kowane ɗan kare 'ya'yan marainansa a ciki suke farawa, sannan su sauko waje, domin ba sa son zafin ciki. Nasa ɗaya ya maƙale a hanya. Wanda ya maƙale haka, idan shekaru suka tafi, sau da yawa yakan rikiɗe ya zama ƙari. Wannan ƙarin shi ke juya masa jiki irin na mace, shi ya zubar da gashin, shi ya motsar da ɗayan, shi ne kuma ke hana jikinsa yin sabon jini. Idan aka cire yau, ina sa ran zai tashi. Idan aka bar shi wata guda, ban ce zai kai ba. Mu kuma jibi za mu tashi zuwa wajen Tsanyawa."

Na gaya masa maganar yayana da kwikwiyo. Ya girgiza kai ya ce a halin da karen yake, ko an kai shi gaban karya da wuya ya kula ta, idan ma ya kula da wuya ta ɗauka. Wannan ya sauke mini rabin nauyi. Sai na yi masa tambayar da ita ce dalilin rubuta wannan labari.

"To ba za a iya cire mai ciwon a bar masa mai lafiyar ba?"

Ya wanke hannu a cikin bokiti, sannan ya amsa.

"Ana iyawa. Idan aka cire ƙarin, ɗayan yakan farfaɗo bayan 'yan watanni, ya iya haihuwa. Sai dai zan gaya maka gaskiya guda biyu. Na ɗaya, wannan maƙalewa gado ce, 'ya'yansa maza wasu za su zo da ita, wasunsu su yi irin wannan ciwo. Ni dai shawarata a cire duka. Na biyu, idan ka bar masa ɗaya, da ya warke zai koma halinsa na da, yawo da faɗa a kan mata. Idan aka fiɗiye shi gaba ɗaya, yawancinsu sukan zauna gida, tsaron kuma ba ya raguwa. Karenka ne, Malam. Ka zaɓa, rana tana tafiya."

Ina so in gaya muku cewa tausayin kwikwiyoyin da ba a haifa ba ne ya sa na zaɓi abin da na zaɓa. Na sha gaya wa kaina haka. Amma na san abin da ya zo mini a ido a wannan lokaci: turken nan da babu akuya, da igiya a yashe a ƙasa. Na ga awaki ukun da suka rage, na ga yayyenku uku a zaune da ƙoƙo suna jiran mahaifiyarsu ta tatso. Da an bar masa ɗaya, karyar Jatau za ta rasa wannan zagaye, amma za ta samu na gaba, mafarautan kuma da sun jira, irin Baba da bai yanke ba. Duk na san wannan. Ban yi tunanin 'ya'yan Jatau shida ba sai daga baya.

Na ce, "A cire duka."

Ya yi masa allurar barci, ya aske wurin, ya wanke, ni na riƙe ƙafafun. Ban juya kai ba, na ga ya dace in gani. Ƙarin da ya fito da shi ya fi yadda nake ji daga waje girma. Ɗayan kuwa ɗan mitsitsi, yanka ɗaya ya isa. Ya ɗinke, ya shafa wani magani shuɗi, ya ba ni ƙwayoyi a takarda. Ya ce kada in bari ya lashi wurin, in dawo da shi wurin ma'aikacinsu na gari a warware zaren bayan kwana goma, kuma idan Allah ya kawo ƙoshi in rage masa abinci, domin fiɗiyayyen kare saurin ƙiba gare shi. Na yi murmushi da jin maganar ƙoshi. Na kwana a Ɗanbatta wurin wani ɗan'uwan Hanne, da gari ya waye na saɓo Duna muka dawo.

Labari ya riga ni isa gida. Wanda ya ga Musulmi saɓe da kare a kasuwa ba ya riƙe bakinsa. Da na karyo kwanar unguwa na hango Jatau a tsaye a gindin darbejiya. Hanne ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, bai zauna ba, bai sha ba. Na sauke Duna. Ya durƙusa ya ɗaga ƙafarsa ta baya, ya dubi ɗinkin nan guda biyu, ya daɗe yana dubawa. Karen ya lashi hannunsa.

"Bawa, ka ba ni hannu a nan wurin."

Na ce, "Yaya, mutuwa zai yi. Likita ya ce ba zai kai wata ba. Ko ya kai ma ba zai iya komai ba."

"Na ji. Ciwon a ɗaya yake. Ina ɗayan?"

A nan ne na yi abin da ya fi karya alkawarin muni. Na dubi yayana a ido na ce, "Likita ya ce shi ma ya kamu. Ya ce dole a cire duka, babu zaɓi."

Ya miƙe a hankali, yana dafa gwiwa kamar tsoho, alhali bai wuce arba'in da biyar ba.

"Gidana yana kan hanyarka. Da ka tsaya ka kira ni, da mun je tare, da kunnena ya ji. Ko da zan yi kuka, da na riƙe maka ƙafafunsa."

Hanne daga bayan zana ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ni na matsa masa."

Ya ce, "Ke ba ki yi mini alkawari ba, Hanne. Ki ci gaba da ba shi abinci, na san ke ce."

Ya juya ya tafi. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

Karyarsa ta nema bayan mako biyu kamar yadda ya ce. Ya ɗaure ta a ɗaki har abin ya wuce, bai yarda karen gari ya kusance ta ba. Na ji an ce ya yi tafiya ta kwana huɗu a tsakanin nan, ban san inda ya je ba, na ɗauka neman abinci ne. Na aika masa da akuya ɗaya cikin ukun nan, ya dawo mini da ita da igiyarta. Na je da kaina sau biyu, aka ce ba ya nan, ina kuwa ganin sandarsa jingine a zaure. Kafin ruwan farko gwaggonmu ta rasu, ƙaramar 'yarsa ta bi ta. Ba zan ce rashin dawar nan ne ya kashe su ba, domin ko an yi barbarar ba a isa yaye kwikwiyo ba a lokacin. Amma mutum mai jiran wani abu yana da ƙarfin da wanda ba ya jiran komai ba shi da shi, kuma ni na cire masa abin jira. Da aka yi kwana bakwai da binne yarinyar, ya bar wa wani maƙwabci gonarsa aro, ya ɗora kayansu a kai, suka bi waɗancan mafarauta zuwa kudu. Ban samu labari ba sai da suka yi nisa.

Duna ya warke. Dasashinsa ya koma ja, gashi ya tsiro, nonuwan suka saɓe. Bai ƙara tsinke igiya ba, har na daina ɗaure shi. Sau biyu ya kori masu dogon hannu daga turke a ragowar wannan shekara, awakin nan uku suka kai mu damina, suka hayayyafa, daga cikinsu aka yi kuɗin makarantar babbanku. Abin da na zaɓa ya yi mini aikin da na zaɓe shi dominsa, kuma wannan ne ya sa ban taɓa jin daɗinsa ba. Da ƙoshi ya dawo ya yi ƙiba kamar yadda likita ya faɗa, yana kwance a inuwa yana kallon karnukan gari suna wucewa a guje bayan karya, ko kunne ba ya ɗagawa. Shekara shida ya ƙara, ya mutu da tsufa a rumfarsa. Hanne ce ta ce a haƙa masa rami mai zurfi, kada a jefar da shi a juji. Ita ma ban taɓa gaya mata gaskiyar abin da likita ya ce ba, har ta koma ga Allah.

Bayan rasuwarta ne na shirya na tafi neman Jatau. Shekara goma sha tara ke nan da rabuwarmu. Na same shi a wani ƙauye mai jar ƙasa da duwatsu, ya tsufa, ido ɗaya ya mutu, 'ya'yansa sun shiga coci, shi kuwa yana nan a kan abin da Baba ya bari. Akwai karnuka biyu a gidan, gajeru masu yawan haushi. Ya karɓe ni, ya sa aka kama zakara aka miƙo mini wuƙa in yanka. Kwana biyu muna hira a kan ruwa da taki da waɗanda suka mutu. Ya yi mini ta'aziyyar Hanne har da hawaye. Ba wanda ya ambaci kare. Kullum na buɗe baki sai maganar ta koma. A rana ta uku ya rako ni bakin titi, muka zauna a kan wani dutse muna jiran mota. Na ga idan ban faɗa yanzu ba, ba zan ƙara samun dama ba.

Na ce, "Yaya, akwai abin da na zo da shi. Ranar nan, ƙarya na yi maka. Likita bai ce dole ba. Ya ce ana iya barin ɗaya. Ni na ce a cire, saboda awakina."

Bai juyo ba. Yana kallon titi da idonsa mai gani.

"Na sani. Na bi shi har Tsanyawa da ƙafa, na same shi a cikin shanu na tambaye shi. Ya tuna ka. Ya ce kai ne mutumin da bai juya kai ba."



Ya ce, "Da ka ce mini, Yaya, na ji tsoron yunwa, na zaɓi 'ya'yana, da na zage ka, na yi wata ban gaishe ka ba, shi ke nan. Wa bai zaɓi 'ya'yansa ba a shekarar nan? Na zauna ina jira ka zo ka faɗa. Ka aiko mini da akuya."

Na ce, "Na zo sau biyu."

"Ka zo. Ina ciki ina jin ka. Na ji abin da ka ce wa matata, likita ya ce, likita ya ce. Shi ya sa ban fito ba."

Mota ta taho daga nesa tana tayar da jar ƙasa. Na ce masa ya yafe mini. Ya ɗauki jakata da kansa ya miƙa wa direba, ya tsaya har na zauna. Sannan ya sunkuyo ta taga.

"Duna fa, ya rayu?"

Na ce, "Ya rayu. Shekara shida."

Ya gyaɗa kai, ya bugi jikin motar da tafin hannu sau biyu.

"To. Ka gai da yara, Bawa."

Ban ƙara ganinsa ba. Da kaka ta zagayo babban ɗansa ya aiko mini da saƙon rasuwarsa. Kalmar yafiya ba ta fito daga bakinsa ba, ni kuma ba zan ƙara masa abin da bai faɗa ba.